Zaren Ɗinki Da Haƙƙin Mai Rauni: Darasi Kan Amanar Likita

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ƴan uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi al'amarin da babu gidan da bai taɓa shiga ba, watau neman magani, da abin da shari'a ta ɗora wa likita game da mutanen da ba su da ƙarfi, ba su da kuɗi, ba su kuma san kowa ba. Idan muka ce likita a nan, muna nufin duk wanda aka danƙa wa amanar jikin ɗan Adam: lokotoro, da mai jinya, da ungozomar asibiti, da mai sayar da magani, har da ma'aikacin ƙaramin gidan likita na ƙauye.

A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu, littafin da malamanmu na zaure suke karantarwa tun kaka da kakanni, akwai wata mas'ala da aka ajiye inda ba a tsammani, watau cikin babin yanka. Malam yana bayani ne a kan wanda ya wuce dabbar da wani ya harba tana gab da mutuwa, yana da ikon yanka ta amma bai yanka ba, har ta zama mushe; ya ce wannan zai biya mai ita. Daga nan sai ya jero waɗansu mutane masu irin wannan hukunci, waɗanda ba su aikata komi ba, amma rashin aikatawar ita ce laifinsu. A cikinsu akwai mutumin da yake da zare, ga wani an soke shi har raunin ya zarce cikin ciki yana bukatar ɗinki, sai mai zaren ya hana, har mai raunin ya cika. Akwai kuma mai rarar abinci ko ruwan sha da ya hana wanda yunwa ko ƙishirwa ta kai bakin halaka.

Masu sharhi, irin su Shaihu Dardiri, sun bayyana cewa diyya tana hawa kan mai hanin idan yana da wani tawili, in kuwa ba shi da shi, maganar tana iya kai wa ga ƙisasi. Sa'an nan suka ƙara wani sharaɗi wanda shi ne ya sa muka kawo mas'alar. Mai zare yana da damar karɓar kuɗin zarensa idan kuɗin yana hannun mai bukata a wannan lokaci. Idan babu, dole ya bayar, kuma ba ya bin sa bashi daga baya. Tsarin da mazhabarmu ta yi ke nan: a ceci rai tukuna, sa'an nan a yi zancen kuɗi, in akwai su.

Zaren wannan zamani kuwa kowa ya san shi. Shi ne zaren ɗinki na asibiti, da safar hannu, da ledar ƙarin ruwa, da ledar jini, da allurar tsayar da zubar jini. Idan aka kawo mace da tsakar dare jini yana zuba bayan haihuwa, aka ce ba za a taɓa ta ba sai mijinta ya je ya sayo kaza da kaza, alhali kayan suna nan cikin kabad, to, lalle an shiga gonar wannan mas'ala. Ba muna yanke wa wani ma'aikaci hukuncin diyya ba ne. Wannan aikin alƙalai ne, kuma sau da yawa kabad ɗin ma babu komi a cikinsa. Abin da muke so a gane shi ne, a Musulunci barin mutum ya mutu saboda ba shi da jika biyu ba ya cikin abubuwan da ake cewa ai doka ce ta wurin aiki.

Kada kuma wani ya fahimci cewa ladan aikin likita haramun ne. Ya tabbata a cikin Buhari cewa Abu Ɗaiba ya yi wa Manzon Allah (S.A.W.) ƙaho, kuma an biya shi. Likita yana da iyali, ya kuma shafe shekaru bakwai ko fiye yana karatu. Albashinsa halal ne, kuɗin da doka ta yanka halal ne, buɗe asibitin kansa halal ne. Abin da ya haramta shi ne na goro da ake miƙawa a ɓoye domin a tsallake layi, da sayar da maganin da aka aiko a bayar kyauta, da karkatar da mara lafiya daga asibitin gwamnati zuwa wurin da likita yake da riba alhali babu bukatar haka, da rubuta magani biyar ga wanda biyu sun ishe shi.

Su wane ne masu rauni a ƙasarmu?

Fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen Nijar a karkara suke zaune, likitoci kuwa, musamman ƙwararru, sun fi taruwa a Yamai da manyan birane. Mutumin ƙauye kafin ya ga likita ya riga ya biya sau uku: kuɗin amalanke ko mota, da yinin gonar da ya rasa, da abincin mai zaman jinya. Kuma ciwo ya fi tsanani a daidai lokacin da aljihu ya fi bushewa. Daga Yuli zuwa Oktoba sauro ya yi yawa, rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai iso ba, hanyoyi sun yanke. A wannan tsakani ne masassarar cizon sauro da tamowa suke haɗuwa a jikin yaro ɗaya, jininsa ya ƙare, a iso da shi asibiti tafin hannunsa fari fat.

Akwai ma cututtukan da kusan ba a ganin su sai a gidan talaka. Cutar noma, wadda take farawa daga dasashi ta cinye kumatu da leɓe cikin ƴan kwanaki, ba ta kama yaron da yake ƙoshi. Maganin ƙwayoyin cuta mai araha yana tsayar da ita idan an gane ta da wuri. Sai a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Yoyon fitsari shi ma haka: mafi yawansa daga doguwar naƙuda yake zuwa, mace ta kwana biyu ko uku tana fama, kan jariri ya danne mafitsara har naman ya mutu. Matar da take kusa da ɗakin tiyata ba ta kai wa ga haka.

Wani zai ce ai duk ajali ne. Haƙiƙa babu rai da zai wuce lokacinsa, amma Sayyidina Umar (R.A.) ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida cewa gudun da suka yi shi ma cikin ƙaddarar Allah yake. Mu duba abin da ya faru a gabanmu. A shekarar 1987 ƙasashen Afirka suka amince a Bamako da tsarin da mara lafiya zai riƙa biyan wani abu, domin a samu kuɗin sake sayen magani. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farashin maganin da ake shigowa da shi ya tashi, a 1995 kuma Nijar ta yi dokar biyan kuɗin magani a gidajen likita. Magani ya samu a kan kanta, amma talaka ya ja baya. Sa'an nan a 2005 aka mai da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar, bayan an gina ƙananan gidajen likita masu yawa a ƙauyuka. A 1998, cikin kowane yara dubu da aka haifa, 226 suna rasuwa kafin su cika shekara biyar. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Gidan sauro da maganin tamowa suna da nasu rabo a wannan sauyi. Allah ne ya raya waɗannan yara, amma ta hanyar sababin da mutane suka riƙa. Aibin da ya biyo baya shi ne jinkirin da baitulmali ya riƙa yi wajen mayar wa asibitoci kuɗin da suka kashe, har magani ya riƙa yankewa, kyautar ta koma takardar magani da ake miƙa wa uwa ta je ta saya a waje. A 2024 kuma hukumomi suka rage kuɗin ayyukan asibitocin gwamnati da rabi.

Fuskar da ake tarbar talaka da ita

Akwai abin da ba ya bukatar kasafin kuɗi, shi ne kuma ya fi yi wa talaka ciwo. A farkon Suratu Abasa, Allah Maɗaukaki ya yi wa mafificin halitta gyara a kan makahon sahabi Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zo neman ilimi a lokacin da Annabi (S.A.W.) yake zantawa da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin musuluntarsu. Niyyar kyakkyawa ce, makahon kuma bai ma ga fuskar da aka canza ba, duk da haka aka saukar da ayoyi da za a yi ta karantawa har tashin ƙiyama. To ina ga ma'aikacin da yake miƙewa tsaye idan alhaji ya shigo, ya kuma daka wa baƙauya tsawa domin ta zo babu takalmi, ko domin ba ta jin Faransanci?

Wannan ba zargi ba ne na bakin kasuwa. A shekarar 2003 masana zamantakewa, ciki har da na cibiyar bincike ta LASDEL da take Yamai, sun fitar da littafi a kan yadda ake tarbar marasa lafiya a manyan birane biyar: Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Abin da suka gano ya zo daidai a ko'ina. Wanda ya zo da sanayya ana duba shi da mutunci, wanda bai san kowa ba kuwa sau da yawa ba a amsa gaisuwarsa, ba a tambaye shi da kyau, ba a kuma bayyana masa abin da yake damunsa. Illar wannan ta wuce ɓacin rai. Matar da aka wulaƙanta a haihuwar fari, ta biyu a gida za ta yi, ta kuma hana ƙanwarta zuwa.

Adalci a wannan fage ba ya nufin a ba kowa minti biyar daidai wa daida. Ma'aikacin banki da ya karanta takardar da take cikin kwalin magani, minti biyar sun ishe shi. Tsohuwar da ta kawo jikanta daga nisan kilomita talatin tana bukatar a yi mata bayani da harshenta, a nuna mata cokali, a sa ta maimaita, a kuma tambaye ta ko tana da kuɗin sayen abin da aka rubuta, domin in babu a canza mata da mai araha wanda yake aiki iri ɗaya. Ita ce ta fi cancanta da lokacin likita. Sayyidina Abubakar (R.A.) a huɗubarsa ta farko ya sanar da jama'a cewa mai rauninsu shi ne mai ƙarfi a wurinsa har sai ya karɓo masa haƙƙinsa, ma'aunin shugabanci ke nan, kuma likita shugaba ne a ɗakinsa.

Haka nan neman yardar mara lafiya. Rashin karatu ba ya zubar da haƙƙin mutum na sanin abin da za a sa a jikinsa ko jikin ɗansa. Maƙwabtanmu na Kano sun ɗanɗana wannan a annobar sanƙarau ta 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka naƙasa. Iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Rashin amincewar da ya biyo baya ya daɗe yana cutar da aikin rigakafi a ƙasar Hausa.

Magabata ba su jira talaka ya zo ba

A farkon ƙarni na huɗu na Hijira, wazirin Bagadaza Ali ɗan Isa ya rubuta wa shugaban likitoci Sinanu ɗan Sabitu cewa ya yi tunanin mutanen da suke kurkuku, da cunkosonsu da cututtukansu, don haka a ware musu likitoci da za su riƙa shiga kullum da magani. Ya sake rubuta masa a kan mutanen ƙauyukan Iraƙi da ba su da likita, ya ce a tura likitoci da akwatunan magani su riƙa zagayawa, su zauna a kowane wuri gwargwadon bukata. Abubakar Razi, babban likitan zamaninsa, ya wallafa littafi musamman domin wanda ba shi da likita a kusa, ya cika shi da magungunan da ake samu a kowace kasuwa, har aka riƙa kiransa maganin talakawa. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da dukiyar waƙafi yake tafiya, yana karɓar mai kuɗi da matalauci, namiji da mace. A nan kusa da mu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya rubuta a kan ciwon ido da basir, cututtukan da suke damun jama'arsa.

Aikin likita kuma bai tsaya ga allura ba. Shi shaida ne, domin yana ganin abin da mahukunta ba su gani. A yunwar 2005 hatsi yana nan a kasuwannin jahar Maraɗi, farashinsa ne ya fi ƙarfin manomin da ya noma shi. Ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tsananin tamowa a Nijar a wannan shekara, mafi yawa a jahar Maraɗi, ta kuma fito fili ta nemi a raba abinci kyauta. Likitan da ya ga yara goma daga ƙauye ɗaya da gudawa iri ɗaya, ya ba su magani ya yi shiru a kan rijiyar da suke sha, ya yi rabin aiki ne. Da irin wannan bibiya aka kawar da kurkunu, wanda dā yake kwantar da manoma da damina, har aka tabbatar a 2013 cewa babu shi a Nijar.

Rabonmu a cikin wannan nauyi

Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya sa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, ya kuma koka da garuruwan Musulmi da ba su da likita Musulmi ko ɗaya, alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani. Farillar kifaya idan aka bar ta, zunubin yana kan kowa. Yau ana karatun likitanci a jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram. Amma idan aka tura ɗanmu aiki ƙauye, mu ne muke bin manya gida-gida domin a dawo da shi birni. Kuma mutumin da ya cire ƴarsa daga makaranta, shi ne gobe zai ce namiji ba zai duba matarsa ba. Daga ina likita mace za ta fito? Rufaida Al'aslamiyya a cikin masallacin Annabi (S.A.W.) ta kafa hemarta ta jinya, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da ya samu rauni a yaƙin Handaƙ. Malamai sun yi ittifaƙi cewa idan babu mace, lalura tana halatta namiji ya duba. Maigidan da zai yi tafiya, ko ɗan ci-rani, ya wajaba ya bar izini a bayyane cewa a kai iyalinsa asibiti ba tare da an jira shi ba.

Ya kamata kuma mu yi wa ma'aikatan adalci. Akwai mai jinya ɗaya tilo da yake riƙe da ƙauyuka da dama, dare da rana, ba wuta, wani lokaci ba ruwa. Akwai ungozomar da take karɓar haihuwa da hasken wayarta. Mu kan kawo mara lafiya bayan mun gama zagaye da masu tallar ƙwayoyi a faranti, idan ya cika sai mu ɗora wa wanda ya karɓe shi a awa ta ƙarshe. Zagin ma'aikaci ko dukansa zalunci ne kamar kowane zalunci.

Akwai wata magana mai ɗaci da ba za mu tsallake ba. Asibitin Galmi tun 1950 yake aiki, na kutare da yake Danja kudu da Maraɗi tun 1956, kuma a 2012 aka buɗe sashen masu yoyon fitsari a can. Ƴan mishan ne suka kafa su. Mu kuwa a unguwa ɗaya sai a ga masallatai huɗu suna kallon juna, babu ɗakin haihuwa ko ɗaya da wani attajiri ya yi waƙafinsa. Alhali Balazuri ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya wuce waɗansu kutare Nasara a Jabiya ta ƙasar Sham, ya yi umurni a riƙa ba su abinci daga dukiyar Musulmi. Hadisin Muslim kuma ya zo da cewa ranar ƙiyama Allah zai tuhumi bawa a kan mara lafiyar da bai je dubawa ba, ya sanar da shi cewa da ya je, da ya same shi a wurinsa.

Game da zakka, a mazhabarmu ba a gina asibiti da ita, domin sharaɗinta a mallaka wa mai haƙƙi. Gini da motar ɗaukar marasa lafiya aikin waƙafi ne da sadaka. Amma matalaucin da yake riƙe da takardar magani a ƙofar asibiti yana cikin kaso na farko da Suratut Tauba ta ambata, kuma ba shi zakka ya saya ya inganta. Kwamitin kowane masallaci yana iya ware asusu, a ɗora mutum biyu amintattu a kansa, a sanar da shugaban gidan likitan unguwa cewa idan wanda ba shi da hali ya zo cikin gaggawa a fara aiki, masallaci zai biya, a kuma riƙa karanta lissafin a gaban jama'a bayan sallar Juma'a sau ɗaya a wata. Haka nan ba da jini: malamai sun halatta kyautarsa, sun hana sayar da shi. Ya dace limamai su tuna wa matasa wannan tun watan Yuni, a rubuta sunayen masu niyya da rukunin jininsu a ajiye wurin ladan, domin daga Agusta zuwa Oktoba ne ɗakunan yara suke cika, ledar jini kuma take ƙaranci.

Allah ne mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama.